Yaudarar kai

Akwai wata magana da kuke ji a bakin manya, a rediyo, a wurin wa'azi, ko a wurin taron gari. Mai magana yakan tsaya ya ce: «Jama'a, kada mu yaudari kanmu.» In ya faɗi haka sai wuri ya yi tsit, don kowa ya san abin da zai biyo baya ba mai daɗin ji ba ne. Sunan halin da yake nufi yaudarar kai. Waɗansu suna cewa ruɗin kai. Duka biyu Hausa ne, kuma ma'anarsu guda.

Yadda aka gina kalmar

Kalmomi biyu aka haɗa: yaudara da kai. An ɗaure su da harafin r, kamar yadda ake cewa rigar Ali ko gonar sarki.

Yaudara ita ce ka sa mutum ya yarda da abin da ba haka yake ba. Mai awon da ya lotsa gindin tiyarshi don ta rage ci, ya yaudari mai saye. Mai nonon da ta ƙara ruwa ta ce kindirmo ne zalla, ita ma haka. Ku lura da yadda wutsiyar aikatau take sakewa:

Ilu ya yaudari Sani.
Ilu ya yaudare shi.
Sani ne Ilu ya yaudara.

Kai kuwa, kun san shi, ga shi nan bisa wuyanku. Da wannan ma'ana ake cewa ciwon kai ko askin kai. Amma Hausa tana kuma amfani da shi wajen nuna mutum shi da ranshi. Shi ya sa muke da son kai, da kamun kai, da mulkin kai, irin wanda Nijar ta samu ranar 3 ga Agusta 1960. Akwai guda ɗaya mai ruɗarwa: kisan kai. Wanda ya yi kisan kai wani ya kashe. In ranshi ya ɗauke da hannunshi, sai a ce ya kashe kanshi.

Ana cewa kaina, kanka, kanki, kanshi, kanta, kanmu, kanku, kansu. A littattafan Kano za ku ga kansa, mu nan mun fi cewa kanshi. Wajen rubutu kada ku sa ƙugiya inda babu ita: kanshi dabam, ƙanshi dabam. Kuma tun da kai suna ne, aikatau yana ƙarewa da i a gabanshi. Ana cewa ya yaudari kanshi. Ba a cewa ya yaudare kanshi.

Yara uku a aji guda

Ga tambaya mai wuya. In Ilu zai yaudari Sani, dole Ilu ya san gaskiya, Sani bai san ta ba. To, in mutum guda ne mai yaudara, kuma shi ne wanda aka yaudara, ƙaƙa ke nan? Ya san gaskiya ko bai san ta ba? Bari mu dubi yara uku.

Malam ya ce a rubuta 7 sau 8. Hadiza ta rubuta 54. Haka ta ɗauka tsakaninta da Allah. Da aka nuna mata, ta goge ta rubuta 56, har ta yi dariya. Wannan kuskure ne.

Isufu ya samu 3 bisa 10. Da ya je gida babanshi ya tambaye shi, ya ce 8 ya samu. Isufu ya san 3 ce, yana iya ganin ta ko ya rufe ido. Wannan ƙarya ce.

Mamman kuwa wata uku ke nan yana faɗuwa dikte. Ran farko ya ce malam ya cika sauri. Ran na biyu ya ce bik ɗinshi ne ya ƙi rubutu. Ran na uku ya ce maƙwabcinshi ne ya dame shi da surutu. In an miƙo mashi takardarshi, sai ya nannaɗe ta ya cusa cikin jaka, ba ya duban jan rubutun malam. Ya daina zama kusa da Rabi, don Rabi takan ce: «Zo mu maimaita.» In ya kwanta da dare yana ce wa ranshi: «Ni ai na iya. Ranar jarrabawa za su gani.» In ka sa shi rantsuwa zai rantse, kuma ba zai ji ya yi rantsuwar ƙarya ba. Wannan ita ce yaudarar kai.

Kun ga Mamman bai zauna rana ɗaya ya ƙago ƙarya ya haɗiye ba. Babu mai iya haka. Kaɗan kaɗan ya yi aikinshi: ya ƙi duba, ya zaɓi wanda zai zauna da shi, ya nemo wa kowace faɗuwa dalili a waje. Kowane dalili, in an ɗauke shi shi kaɗai, yana iya zama gaskiya, don bik yakan ƙi rubutu. Sai an jera su sannan a ga duk gefe guda suka karkata.

To, Mamman ya sani ko bai sani ba? Ku tuna da mai ƙurji a ƙafa. Ko cikin duhu yake tafiya, ba ya taka wurin da ƙurjin yake. Da Mamman bai ji komi a ranshi ba, da ya buɗe takardar kamar kowa. Rabi ya sani, ya ƙi neman sauran rabin. Hausawa sun ce rashin sani, kaza ta kwana kan dami. Kaza ba ta da laifi. Mamman shi ya ji motsin damin ƙarƙashinshi, ya ƙi leƙawa.

Tarko ga mai harshe biyu

Ku da kuke karatu da Hausa da Faransanci, akwai rami a nan, ku yi hankali. A Faransanci tromper shi ne yaudara. «Il m'a trompé» yana nufin ya yaudare ni. Sai yaro ya ga «je me suis trompé», ya fassara kalma kalma, ya rubuta: na yaudari kaina. Ya faɗa ramin. Bafaranshe in ya ce «je me suis trompé», nufinshi na yi kuskure. Maganar Hadiza ce, ba ta Mamman ba. In ya ce «je me suis trompé de route», cewa ya yi ya saki hanya.

In kuna son faɗin yaudarar kai da Faransanci, ku ce se mentir à soi-même, ko se faire des illusions, ko se leurrer. Ta ƙarshen nan tana da daɗi. Leurre shi ne abin da maharbi ko masunci yake jawo nama da shi, kamar kan burtu da maharbanmu suke ɗaurawa a goshi don namun daji su sake jiki. Wanda aka ce il se leurre, shi ne maharbi, shi ne kuma barewa.

A bakin rumbu

Faɗuwa dikte abu ne mai sauƙi, ana iya gyara shi cikin wata guda. Bari mu je inda kalmar take da nauyi.

A ce ga maigida mai iyali 8. Kowace rana ana daka tiya 2 ta hatsi don fura da tuwo. Shekara kwana 365 ce, ke nan gidan yana bukatar tiya 730. Bana damana ta yi gardama, dami 80 ya ɗaure. Ya fid da zakka, ɗaya cikin goma, dami 8. Saura 72. Girman dami ya bambanta gari gari, amma a ce in an sussuke kowane ɗaya ana samun tiya 6. Ku ɗauki allo ku buga: 72 sau 6, tiya 432. A raba biyu, kwana 216. Wata bakwai ke nan da ƴan kwanaki. In an fara ci farkon Nuwamba, rumbu zai ƙare farkon Yuni, daidai lokacin shibka. Sabon hatsi kuwa sai Satumba ko Oktoba. Ba mu ma sa iri cikin lissafi ba, ba mu sa suna ko biki ko baƙi ba.

Maigidan nan ya fi ku sanin noma nesa ba kusa ba. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Tun ranar da aka gama ɗauri, idonshi ya gaya mashi. Amma maganar tana da ɗaci, don bayanta akwai tafiya, da sayar da dabba, da kunyar maƙwabta. Sai ya ce wa ranshi: «Bana dammunan manya ne.» Sai ya tuna wata shekara da dami 80 ya kai su kaka, ya manta lokacin su biyar ne a gidan. In ɗanshi ya ce: «Baba, da daga bakin rumbu nake miƙo dami, yanzu sai na sauka ciki», sai ya ce: «Kai yaro, me ka sani? Albarka ba a ƙirga ta.» Maganar gaskiya ce. Amma ya ɗauko ta ne don ya rufe wata gaskiyar da ita.

Ga abin da ke cikin ƙirgan da ya ƙi yi. Wanda ya yarda tun kaka cewa hatsinshi ba zai kai ba, hanyoyi da dama suna gabanshi. Lokacin hatsi yana da araha, dabbobi kuma suna da ƙiba. Yana iya sayar da bunsuru ɗaya ya cika rumbu. Yana iya tafiya cin rani da wuri, bakinshi ya ragu daga cikin masu ci, ya komo da kuɗi. In akwai fadama kusa, yana iya yin lambu, irin noman ranin da aka ba ƙarfi a ƙasarmu bayan farin 1984, zamanin Seini Kunce. Wanda ya jira har Yuni kuwa, ya tarar da kasuwa ta juya mashi baya. Hatsi ya hau, dabba ta rame, ba ta da kuɗi. Ga ruwa ya sauka. Dole ya tafi ƙwadago gonar wani don a samu na tuwon dare, tashi gonar kuwa haki yana cin ta. Baɗi sai ya ɗaure abin da bai kai na bana ba. A nan ne ake cewa ya cuci kanshi.

Kada ku haɗa wannan da sa rai. Manomin da ya yi binne, wato ya shibka cikin busasshiyar ƙasa kafin ruwa, ya san irinshi yana iya lalacewa. Ya auna, ya ajiye wani irin a gefe, ya dogara ga Allah. Idonshi biyu. Mai yaudarar kai shi ne na cikin karin maganar nan: tsammanin warabbuka, malam ya ƙi noma don zakka.

Masanin da ya ga hasken da babu

Wataƙila ku ce wannan halin marasa karatu ne. A'a. Ga labarin wani babban masani na Faransa.

A shekarar 1895 wani Bajamushe, Röntgen, ya gano wani haske da ido ba ya gani, wanda yake ratsa nama. Da shi ne ake ɗaukar hoton ƙashi a asibiti har yau. Duniya ta ɗauka, kowane masani yana fatan ya gano irin nashi. A 1903 René Blondlot, malami a jami'ar birnin Nansi, ya ba da sanarwa shi ma ya gano wani sabon haske. Ya raɗa mashi suna N, harafin farko na sunan garinsu. Blondlot mutum ne mai daraja, ya yi ayyukan kirki kafin wannan, babu wanda ya san shi da ƙarya.

Yaya ake ganin hasken? Sai a shiga ɗaki mai duhu, a zura wa wani ɗan abu mai ƙyalli ido. In hasken N ya faɗa mashi, wai ƙyallin yakan ƙaru kaɗan. Kaɗan ƙwarai. Ido ne kaɗai alƙali. Masana da yawa a Faransa suka gwada, suka ce su ma sun gani, suka yi ta rubuce-rubuce. Amma na Jamus da na Ingila suka gwada suka sake gwadawa, ba su ga komi ba. A nan ne hanya ta rabu biyu. Da Blondlot ya tsaya ya ce: «Ko dai idona ne?», da labarin ya tsaya a kuskure. Amsar da aka ba su ita ce idonsu ne bai saba ba.

A 1904 wani masani na Amurka, Robert Wood, ya zo Nansi don ya gani da kanshi. Aka shiga da shi ɗakin duhu. A cikin na'urar akwai wani guntun ƙarfe mai kusurwa uku, na alminiyom, irin ƙarfen da ake tukwane da shi. In babu shi, gwajin ba shi da ma'ana ko kaɗan. Cikin duhu Wood ya miƙa hannu ya zare shi, babu wanda ya lura. Aka ci gaba da awo, aka samu sakamako kamar na da. A wani gwajin kuma, ana riƙe magagarin ƙarfe kusa da idon Blondlot, wai ƙarfen yana fid da hasken N, yana ƙara wa ido gani. Wood ya musanya shi da guntun katako, wanda su da kansu suka ce ba ya fid da hasken. Blondlot ya ce ganinshi ya ƙaru. Wood ya koma ya rubuta abin da ya faru a wata jaridar masana ta Ingila, a watan Satumba na shekarar. Ba a daɗe ba aka daina maganar hasken N.

Blondlot bai yi wa kowa zamba ba. Ya so ya gani, ya sa rai zai gani, ido ya gaji cikin duhu, sai ya gani. Irin wannan ne ya koya wa masana su riƙa tsoron idonsu. Yau in za a gwada sabon magani, akan raba marasa lafiya kashi biyu. Kashi ɗaya a ba su maganin, ɗayan a ba su ƙwaya mai kama da shi wadda babu komi cikinta. Mara lafiya bai san wadda ya sha ba. Likitan da ke duba shi ma bai sani ba, sai an gama. An ɓoye wa likita ne don likita mutum ne, yana son maganinshi ya ci.

Tun da mun taɓo magani, ga wuri guda da wannan hali yake kisa. Mutum yana tari sama da sati biyu, yana zufa da dare, yana ramewa, yana cewa sanyi ne ko ƙurar hunturu. Irin wannan tari sai an je gidan likita an auna kaki, don yana iya zama tarin fuka. Ciwon yana warkewa, amma maganinshi wata 6 ne. Waɗansu in sun sha wata biyu sun ji ƙarfi, sai su ce sun warke, su bari. Ciwon ya komo, kuma yana iya komowa da taurin da maganin farko ba ya jin shi.

Wa ake gaya wa, kuma yaya?

Kalmar nan tana da kaifi. In ka ce wa mutum ka yi kuskure, hankalinshi kaɗai ka taɓa. In ka ce mashi kana yaudarar kanka, ka ce mashi matsoraci ne a gaban gaskiya. Aboki yana iya faɗa wa aboki. Uwa tana iya faɗa wa ɗiyarta, malam ga almajirinshi. Yaro ba ya faɗa wa babba. Ɗan maigidan nan na ɗazu, in mai hankali ne, sai ya ce: «Baba, malam ya ba mu aikin lissafi a kan rumbu. Ko ka taya ni ƙirga namu?» Lissafi ya faɗi abin da bakin yaro ba ya iya faɗi.

Shi ya sa kuka fi jin kalmar da mu: kada mu yaudari kanmu. Mai magana ya sa kanshi ciki, sai ɗacin ya rabu tsakanin jama'a. Kuma ya yi daidai da ya sa kanshi. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Na Mamman kowa a aji yana gani, Mamman ne kaɗai ba ya gani.

Akwai kuma inda kalmar ba ta shiga sam, ko da ya yi kama. Mara lafiyar da aka gaishe shi ya ce «lafiya lau», gaisuwa ya amsa. Magidancin da ya ƙirga damminshi sarai, ya san ba za su kai ba, yana ta shirinshi a ɓoye, amma in maƙwabci ya tambaya ya ce «mun gode Allah», wannan rufin asiri ne. Kafin ku ce wani yana yaudarar kanshi, ku nemi alamu. Shin abin da zai nuna mashi gaskiya yana kusa da shi, yana kauce mashi? Shin in an taɓo maganar yakan husata, ko ya sake zance? Shin dalilanshi kullum suna faɗuwa gefen da ya fi mashi daɗi? In babu waɗannan, ku ce kuskure ne, ku tsaya nan.

Aiki

1. Ku cika da yaudari ko yaudare ko yaudara: Mai awo ya ...... mu. Kada ki ...... kanki. Wa kuka ......?
2. Ku fassara da Hausa: «Je me suis trompé de cahier.» «Il se fait des illusions.»
3. Wani gida mutum 12 ne, suna daka tiya 3 kowace rana. Bayan zakka dami 90 ya rage masu, kowane dami tiya 6. Kwana nawa hatsin zai kai su? In sun fara ci ranar 1 ga Nuwamba, cikin wane wata rumbu zai ƙare?